Akwati a Kunci, Faranti a Matameye

Tun da na dawo daga Nijar, ba na zama a gindin darbejiyar ƙofar masallaci ba a ce mini in ba da labari ba. Na ba wannan, na ba wancan, har labarin ya fara dawo mini ta wasu bakunan, wai an kama mu a kan iyaka da gawa a cikin buhu. Ba haka aka yi ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, in huta. Kawu Ɗanjuma ya ce in zan rubuta kada in sa sunansa. Na ce to.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu. Yayana Sale, Allah ya jiƙansa, ya rasu bayan an gama kaka, ciwo na ɗan lokaci. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Cikin abin da ya bari akwai wani akwatin wuta da ya saya a wajen 'yan gwanjo a Kano, bai kai garwa girma ba, da hannun ɗauka a samansa. Yana da farantin sola nasa, mai naɗewa gida huɗu. An ce irinsa Turawa ke tafiya da shi daji su kwana a tanti don nishaɗi. Shi Yaya Sale bukkar fadama yake kai shi lokacin noman rani, inda ake kwana gadin tumatir, ba kuma don nishaɗi ba. In bazara ta shigo sai ya dawo da shi ɗakin Inna ya jona mata fanka, saboda tana da ciwon ƙirji, in zafi ya yi yawa numfashi yana yi mata wuya.

'Ya mace ɗaya ya bari. Da aka zo rabon gado, bayan an fitar wa yarinyar da uwarta da Inna nasu a gona da awaki, ɗan abin da ya rage ya zo kanmu, ni da yayata Hajara da ke aure a Matameye. Liman ya ɗaga akwatin ya ji nauyinsa, ya ɗaga farantin ya ji nasa, ya ce wannan ba ya buƙatar dogon lissafi: akwati ya yi faranti biyu, namiji ya ɗauki akwati, mace ta ɗauki faranti. Kowa ya ce madalla. A ranar babu mai hankali a jikinsa da zai tuna cewa ɗayan ba ya aiki sai da ɗayan. Yaya Hajara ta naɗe rabonta a zane ta tsallaka iyaka da shi.

Akwatin ya ɗan yi aiki da sauran wutar cikinsa, sannan ya yi shiru. Wayar da ake cajinsa da wutar gari kuwa, tun Yaya Sale yana da rai ɓera ya cinye ta, bai damu ba tunda ƙauyenmu ko turken wuta babu. Na je wajen wani mai gyara a Kazaure na yi masa bayani. Ya ce batir irin wannan in ya daɗe babu komai a cikinsa, barci yake yi wanda ba ya farkawa, kuma abin da ya fi shi ne in nemo farantinsa na asali tun da wuri. Ga zafi ya fara. Na ga Inna ta fito da tabarmarta ƙofar ɗaki tana fifita da faifai, tana numfashi da baki. Na kira Yaya Hajara a waya, ta ce za ta duba. Duk wanda ya san ta ya san in ta ce za ta duba, ta gama dubawa.

Kawu Ɗanjuma ƙanin Inna ne, kuma bai taɓa jin an ambaci tafiya ya ce yana da uzuri ba. Shi ya ce magana irin wannan ba a yin ta a waya, mu je a ga ido. In ta hana, ai an ce Nijar faranti ya yi yawa har a kan bukkar makiyaya, sai mu sayi wani. Na so mu tafi da akwatin, Inna ta ce ba zai fita daga ɗakinta ba, a kansa take ajiye carbinta. Sai Kawu ya sauka fadama, inda Yaya Sale ya kafa wani ɗan gadon itace daidai tsawon farantin yana shimfiɗa shi a kai, ya yanko karan dawa ya auna, ya gyara bakinsa biyu da wuƙa. Na ce masa ban tabbata haka ake zaɓen sola ba. Ya ce da kara ya sayi ƙofar ɗakinsa, da kara ya sayi gadon matarsa, babu wanda ya ba shi kunya.

Farantin in an buɗe shi ya kai tsawon mutum. Ni ban yi tunanin komai ba sai da muka isa tashar Kazaure.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san inda ake ganin kara mai tsawon mutum, an gyara bakinsa: da shi ake auna mamaci a kai wa masu haƙan kabari. Ga mu mu biyu, dattijo riƙe da kara, ni kuma da fuskar da na yi watanni ina yawo da ita. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta dube mu ta ce Allah ya jiƙan rai. Na ce amin. Ban yi niyyar komai ba, bakina ne ya saba. Kafin mu ankara direba ya sauko da mutum biyu daga gidan gaba ya ce mu shiga, ya karɓi karan da hannu biyu ya zura shi ta taga a hankali. Kawu ya dube ni, ya dubi kujerar, ya yi wata irin ajiyar zuciya da ban taɓa jin ya yi ba ko ranar rasuwar gaske, ya shiga ya miƙe ƙafa.

A Daura muka sake mota, aka sake ba mu gidan gaba. Wata mata ta miƙo mana dabino daga baya ta ce sadaka ce. Kawu ya cinye nasa ya duba nawa. Da muka sauka yin sallah na ja shi gefe na ce abin nan bai dace ba. Ya ce in faɗa masa ƙarya ɗaya da ya yi. Na duba, babu. An tambaye shi wa ya rasu, ya ce ɗan 'yar'uwarsa. An tambaye shi ina za mu, ya ce wajen ƙanwar mamacin.

"Kuma addu'ar nan da ake ta yi," in ji shi, "wajen wa take zuwa? Ba wajen Sale ba?"

Muka koma mota. 

A Kongolam jami'in da ke duba katin shaida ya tsayar da kowa yana tambayar abin da ke cikin jaka. Da ya zo kanmu ya ga karan, ya miƙo mana katinmu ya ce mu yi sauri kada a jira mu. A ɗaya gefen, jandarman Nijar ya fara da Faransanci, ya ga kara ya koma Hausa. Na lura mutanen can ba sa gaggawar gaisuwa. Mu Kanawa muna gaisawa ƙafa ɗaya tana tafiya, su sai sun tambayi gida da gajiya da zafi da waɗanda aka baro, sannan a zo kan abin da ya tara ku.

A Ɗan Barto ne Allah ya haɗa mu da Baba Idi. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ƙauyensu yana gaba da Matameye. Ya zauna bayanmu, ya yi mana ta'aziyya mai tsawo, sannan ya ce shi a rayuwarsa jana'iza ba ta gitta gabansa ya wuce, zai sauka tare da mu. Nan na ga Kawu ya gyara zama. Ya ce masa gidan da nisa daga tasha. Baba Idi ya ce ladan ya ƙaru. Ya ce ga rana. Baba Idi ya ce ya ƙara ƙaruwa. Ya ce wataƙila ma an riga an binne. Baba Idi ya ce to ai ta'aziyya ba ta wucewa. Ni dai na kafa ido a kan titi, ina kallon gawo da jakuna, ban taimaki kowa ba.

Bayan la'asar muka isa ƙofar gidan, kuma ba mu sanar da zuwanmu ba. Baba Idi ya riga mu, ya yi sallama da ƙarfi, ya ɗaga hannuwa ya fara salati. Yaya Hajara ta leƙo daga zaure. Ta gan ni, ta ga Kawu, ta ga kara, ta ga baƙon dattijo yana addu'a. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa a bakin zauren.

"Inna?" ta ce.

Na ce, "Inna lafiyarta ƙalau, Yaya. Da safe na baro ta tana shan koko. Tana gaishe ki."

Sai da na maimaita, na rantse, kafin ta yarda. Ta daɗe a zaune tana kallon hannuwanta. Wannan wurin ba na ba da shi a gindin darbejiya, yau ne na fara faɗa.

Da ta dawo hayyacinta ta ji yadda aka yi, ba ta iya yi wa kawunta faɗa ba, sai ta juyo kaina. Ta ce ni da furfurata ban ji kunya ba, in ɗauko kara in tsallaka ƙasa da shi ina cin dabinon mutane. Ni ko furfura ɗaya ba ni da ita. Kawu yana gefe yana gyaɗa kai, yana cewa a yi mini haƙuri, yarinta ce.

Baba Idi bai yi fushi ba. Ya ce ai an yi rasuwar, shi dai latti ya yi. Ya zauna ya yi wa Yaya Sale addu'a kamar ya san shi, sannan ya tambaye ni wane irin mutum ne. Na ce mutum ne da in ya dawo daga gona sai ya leƙa ɗakin uwarsa kafin ya sha ruwa. Ya ce ya isa. Ya sha furarsa ya nemi mota.

Mijin Yaya Hajara, Malam Lawali, Badamagare ne na asali, kasuwancin wake ya zaunar da shi Matameye. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Amma Kawu surukinsa ne, ba dama ya taɓa shi. Don haka shi ma sai ya durƙusa ya gaida Kawu da ladabi, ya juyo ya ce mini ya daɗe yana jin Bakano yana iya sayar da komai, amma bai san har ta'aziyya muke shiga mota da ita ba. Haka na zama a gidan nan: duk mai magana da Kawu, ni yake kallo.

A shagon ƙofar gida aka sauke mu, tsakanin buhunan wake. An kawo dambu da zogale wanda ya sha ƙuli, da kilishi mai taushi da ban ci irinsa a Kano ba, ko da yake ban faɗa wa Malam Lawali ba. Da safe aka kawo burodinsu, dogo siriri mai tauri. Kawu ya juya shi ya ce wannan ko kare ya biyo ka ya ishe ka. Shayinsu kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ana dafa shi sau uku, kuma in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin ladabi. Na farkon ɗaci kamar maganin shawara. Kawu ya shanye nasa a kurɓi ɗaya ya miƙa kofin ya ce ya ɗanɗana, a kawo shayin.

Bayan an karya na sami Yaya Hajara a tsakar gida tana tankaɗe, na faɗi abin da ya kawo mu. Ta saurare ni har na gama.

"Garba," ta ce, "kai kana da akwatin. Kana da gonar da ya taka, kana da kabarinsa kusa, kana da Inna. Ni wannan kaɗai aka ba ni."

Ban ja ba. Gaskiya ta faɗa.

Sai muka nufi kasuwa da karanmu, Malam Lawali yana gaba. Ya kai mu rumfar wani Alhaji abokinsa, inda faranti ke jingine jeri-jeri, manya da ƙanana. Su can fano suke ce masa. Kawu ya shiga aiki. Ya ɗora kara a kan wannan, ya yi gajere. Ya ɗora a kan wancan, saura ɗani. Can ya sami wani ƙato irin na saman gida, kara ya zauna daidai. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kara kunne kamar mai sayen tukunya, ya leƙa bayansa kamar mai duba haƙoran sa, ya ce wannan ne, kuma ma ya fi na Sale faɗi, Inna za ta sha iska har ta nemi bargo.

Alhajin ya tambaya me za mu jona masa. Na kwatanta akwatin da hannu. Ya tambayi lambar da aka rubuta a bakin da ake sa waya. Muka dubi juna. Kawu ya nuna masa kara. Alhajin ya yi dariya har ya zauna. Da ya huta ya ce ba a aurar da faranti da tsawo. Kowane akwati yana da iyakar ƙarfin wutar da yake iya haɗiya. In aka ba ƙaramin akwati na saman gida, ko ya ƙi karɓa ko ya ƙone. In aka ba shi wanda ya yi ƙanƙanta kuma, sai rana ta faɗi bai ƙoshi ba. Bayan haka ga kan waya, kowanne da irin bakinsa. Ya ce ba zai sayar mana ba sai ya ga lamba, don ba ya son a zage shi daga wata ƙasa.

Kawu ya nace, Alhaji ya ƙi. Malam Lawali ya ce mini in rubuta wannan rana, yau Bakano yana roƙon a cuce shi an ƙi. Na kira gida don a karanta mana lambar, wayar gidan a kashe, tunda abin da ke cajinta shi ne muke nema wa magani. A ƙarshe Alhajin ya ce ai tsohon farantin ma yana da lambarsa a manne a bayansa. In mun kwafo ta, zai nemo mana ɗan'uwansa, ko daga Damagaram ne.

Muka koma gida. Na ce wa Yaya Hajara ba farantin nake so ba, bayansa kawai zan duba. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da shi a naɗe cikin zanen da ta tafi da shi, yana ƙamshin turaren wuta. Ashe ko sau ɗaya ba ta buɗe shi ba. Ta shimfiɗa shi a tsakar gida, gida ɗaya bayan ɗaya. Ga busasshiyar lakar fadama a gefensa. Ga inda wayar ta taɓa tsinkewa Yaya Sale ya ɗaure ta da robar tayar keke, irin ɗaurinsa mai kai biyu. 

Na durƙusa zan juya shi, ta ce in bari.

"Jiya da na gan ku," ta ce, "abin da ya fara zuwa raina shi ne na ce maka zan duba."

Ta naɗe shi da kanta. Ta ce ba kyauta ba ne, ba aro ba ne, ba kuma sayarwa ba. Farantinta ne, kuma ba ya zuwa ko'ina sai da mai shi. Ta dubi mijinta. Malam Lawali ya ce mini dama ya san ƙarshen zancen ke nan, Kanawa sun zo neman faranti za su tafi da matar gida, shi a bar shi da wake. Ya ce ta gaida Inna, ta zauna har ta ga sauƙin jikinta. Karan kuwa, da shi aka hura wutar tuwon ranar, Yaya Hajara ce ta kakkarya shi a gaban Kawu tana yi masa sannu da hanya.

Washegari da asuba muka kamo hanya. A dawowa babu wanda ya ba mu gidan gaba. Kawu ya zauna can baya tsakanin buhun albasa da wani mai kaji, yana ta faɗin yadda tarbiyya ta lalace. Yaya Hajara ta ƙi yarda a sa farantin a but, a cinyarta ya yi tafiyar. A Kongolam jami'in nan ya gane mu, ya tambaya ko mun samu jana'izar. Kawu ya buɗe baki, Yaya Hajara ta dube shi, ya rufe.

Rana tana tsaka muka shiga gida. Inna tana kwance a ƙofar ɗaki da faifanta. Ta ga 'yarta, ta tashi zaune, ta tambaye ta hanya da mutanen gida kamar jiya suka rabu, amma ta riƙe gefen zanenta ba ta saki ba. Na fito da akwatin bakin ƙofa, na kakkaɓe shi. Yaya Hajara ta shimfiɗa farantinta a rana, ita ta zura wayar da hannunta.

Babu abin da ya faru. Muka zauna. Kawu ya fara cewa da an ɗauki nasa ƙaton, aka yi masa shiru ya bari. Na tuna maganar mai gyaran Kazaure, na tashi na shiga turken awaki kamar ina da abin yi a can. Ina tsaye ina kallon akuya sai na ji Yaya Hajara ta kira sunana a hankali. Na dawo na tarar fuskar akwatin ta kawo ɗan haske, da wata alama tana ƙiftawa. Kafin la'asar ya sami abin da zai juya fanka. Na jona ta na saita ta wajen Inna. Iskar ta ɗaga gefen mayafinta. Ta rufe ido ta ja numfashi ta hanci, dogo, har ƙasa.

Da ta buɗe ido ta tambayi Yaya Hajara yaushe za ta koma. Ta ce sai zafi ya karye, in ruwan farko ya sauka za ta naɗe kayanta.

Inna ta ɗaga kai ta dubi sama. Babu gajimare ko ɗaya.

"Allah ya kawo damina mai albarka," ta ce. "Amma ba gaggawa."

Ni manomi ne, irina yana rumbu yana jiran ruwa. Na ce amin.